Sidi Hashimi, Mai Gyara Mana Hamza

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga Rajab, wadda ta yi daidai da sha huɗu ga Janairu, jim kaɗan bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran Sidi Hashimi a gidansa da ke nan birnin Safakis, yana da shekara saba'in da takwas. Masu bin wannan shafi ba ku san shi da wannan suna ba. Kun san shi da Tsohon Malami, wanda shekara biyar ke nan bai taɓa barin babi ɗaya na labarin Firas da Ayyub ya wuce ba tare da ya ce wani abu a ƙarƙashinsa ba. 'Yarsa Wasila ta yarda in faɗi sunansa na yanka, ban da na zuriya. Nawa sunan yana nan a ɓoye, ko da yake na gaji da auna kowace kalma don gudun kada ta tona ni.

Sidi, haka muke kiranka tun muna aji huɗu, haka kuma zan kira ka yau.

Lokacin da na fara sakin labarin nan, babi ɗaya duk Juma'a, na san abin da na ɗauko. Maza biyu masu son juna: Firas, ɗan mai injin matsar zaitun, da Ayyub, ma'aikacin jinya, da gidajen da suka haife su. Kafin babi na tara masu karatu sun rabu. Akwai masu zuwa su tsine mini da iyayena, su kuma dawo wata Juma'ar su ga abin da ya faru. Akwai 'yan mata masu cika wurin da hotunan zuciya, ba abin da suke tambaya sai yaushe za a bar su su kaɗaita. Akwai kuma waɗanda ba sa rubuta komai a fili, sai su turo mini a ɓoye cewa rayuwarsu ce nake bayarwa, ina na san su.

A tsakiyar wannan hayaniya saƙonka ya faɗo. Ka ce: "Ban yarda da abin da samarin nan suke yi ba, na faɗa tun yanzu don kada a ce na ɓoye. Amma marubuciya, a layi na sha biyu kin ɗora hamza a kan harafin wawu, alhali wurin zamanta alif ne. Ki gyara." Mutum ɗari uku suna faɗa a kan wuta da aljanna, kai kana neman wa hamza kujera. Na yi dariya har na ƙware, na je na gyara.

Daga nan ba ka sake fashi ba. Da farko nahawu kawai kake bi, sannu a hankali ka shiga cikin gidan. Ranar da Hajj Saduk, mahaifin Firas, ya gano komai ya kori ɗansa, na sa masa dogon jawabi a baki, da ihu da fasa kwanuka. Masu karatu suka yi masa rubdugu. Wasu suka ce in sa masa ciwon zuciya ya mutu mu huta, wasu suka ce shi ne kaɗai namiji a labarin. Kai kuwa ka ce duka ba su fahimta ba, ni ma ban fahimta ba. Ka ce uban da zuciyarsa ta karye ba ya jawabi. Shiru yake yi, ya fita tsakar gida ya kama gyaran famfon da bai lalace ba, in matarsa ta ajiye kwanon yaron bisa sabo, ya yi kamar bai gani ba. Na ji haushinka kwana biyu, a na uku na goge babin na sake rubuta shi. Har yau shi ne babin da iyaye mata suka fi turo mini saƙo a kansa.

Duk wannan lokaci ban san kai ne ba. Kana zuwa kantin maganin da nake aiki farkon kowane wata karɓar maganin hawan jini, in gaishe ka, ka tambayi mahaifiyata, ka tafi. Shekara biyu muna haka. Wata ranar Asabar da hantsi, kanti ba kowa, na miƙa maka ledarka, ka tsaya kana duba rasit kamar za ka ba shi maki.

Ka ce, "Babi na ɗari da sha ɗaya. Hamzar nan dai."

Na ce, "Sidi, wane babi?"

"Ke, tafi can. Shekara biyu ina fama da ke a aji a kan kuskuren nan, sai in kasa gane shi don kin sa sunan ƙarya? Tun ranar farko na san ke ce. Ba ni canjina."

Na ce, "Za ka faɗa wa Mama?"

Ka ɗago ka dube ni ta saman tabarau. "Na taɓa kai ƙarar ɗalibi gida? Ni nake hukunta nawa da kaina."

Ba ka faɗa wa kowa ba har ka koma ga Allah. A garin da labari ke isa ƙofar gari ta Bab Diwan kafin mai shi ya gama ɗaura takalmi, ka riƙe wannan sirri shekara biyar.

Ba a bar ka ka huta ba, Sidi, kuma ta kowane ɓangare ne. Masu tsinuwa suka ce kai munafuki ne, mai furfura da sallah a sahun gaba me ya kai shi karanta ƙazanta. Ɗayan ɓangaren suka ce tsoho ne mai ƙiyayya a lulluɓe da ladabi, in toshe ka. Wani ya yi mako uku yana bin duk abin da ka rubuta da zagin uwa. Amsarka ɗaya ce gare shi: "Ɗana, zagin ma ka rubuta shi ba daidai ba." Amma na ga abin yana cin ka. Akwai watan da ka zo kanti ka zauna a kujerar masu jira, ka ce mini idonka ya gaji, zuciyarka ma ta gaji, ba ka san dalilin da mutane ke karanta labarin iyali su fito ba su tausaya wa ko mutum ɗaya a cikinsa ba.

Ni ma na taɓa juya maka baya, kuma dole in faɗa. Shekarar da wani ya yi alkawarin gano ko ni wace ce ya liƙa hotona, na daina rubutu wata huɗu, ina firgita duk lokacin da baƙon fuska ya shigo kanti. A cikin wannan hali na tsare ka na ce, in dai kana tare da ni, ka fito fili ka ce Firas da Ayyub ba su yi laifi ba. Ka ƙi. Ka ce, "'Yata, ba zan yi miki ƙarya don ki ji daɗi ba. Abin da na yi imani da shi yana nan. Amma ban ga inda aka ce in jefar da ɗan mutum a titi ba, ban kuma ga inda aka ce in bar ki ke kaɗai ba." Na ce wannan bai isa ba. Ka ce ka sani, iyakar abin da kake da shi ke nan. Na yi wata biyu ina tura abokiyar aikina ta sallame ka. Ba ka canza kanti ba, ga wani kusa da gidanka.

Abin da ya dawo da ni shi ne maganar saurayin nan na kudu, wanda tsofaffin masu karatu za su tuna. Shekararsa ashirin da shida, yayyensa sun ga saƙonni a wayarsa. Wata Laraba da rana tsaka ya rubuta a ƙarƙashin tsohon babi cewa yana yi wa kowa sallama, ba zai ga ƙarshen labarin ba. Wasu suka tura masa hoton fuska mai kuka. Mutum biyu suka ce Allah Ya raka taki gona da wasu kalmomin da ba zan maimaita ba. Ni ina kanti, ban gani ba sai bayan awa uku. Kai ka gani a minti goma. Ba ka yi masa wa'azi ba. Ka ce masa rubutunsa ya fi na marubuciyar kyau, amma akwai kuskure biyu, kuma malami ba ya karɓar takarda da kuskure. Ya gyara ya turo maka a keɓe. Ya turo. Ka tambaye shi ko akwai wani a danginsa da bai rufe masa ƙofa ba, ya ce gwaggonsa. Ka riƙe shi da magana har ya shiga mota zuwa gidanta, ka nemo masa likitan da zai gani, ka kuma ɗora masa aiki: shafi ɗaya kullum, a kan duk abin da ya ga dama, kai za ka duba. Shekara uku yana turowa, shekara uku kana dubawa, har ranakun da sai Wasila ta ƙara maka girman harufa kafin ka iya gani. Ita a zatonta wani tsohon ɗalibi ne mai shirin jarrabawa.

Makon jiya na je duba ka. Ka rame, an jingina ka da matashi kusa da taga, ƙamshin sabon man zaitun da maƙwabta suka kawo ya cika ɗakin, ba ka iya cin komai. Da Wasila ta fita haɗa shayi ka jawo hannuna ka ce, "Faɗa mini, Hajj Saduk zai je ganin yaron ko ba zai je ba?" Na ce ban yanke ba tukuna, gaskiya ce kuma. Ka rufe ido ka ce, "Kada ki sa shi ya ce ya yarda, ba zai ce ba. Ki dai sa shi ya je." Kafin in amsa Wasila ta shigo da shayi. Da na sani da na ce to.

Bayan an kai ka, na zaunar da Wasila na faɗa mata komai. Ta saurara har ƙarshe. Sannan ta ce, "Wato duk Juma'ar nan da yake korar mu daga ɗaki wai yana lazimi." Muka yi dariya muna kuka.

Saurayin nan bai ji ba. Ranar Laraba da safe shafinsa ya shigo wayarka kamar kullum, a kan wata kyanwa da ta haihu a shagon da yake aiki. Wasila ta nuna mini, ni na kira shi na faɗa masa. Ya tambaya gobe wa zai tura wa. Na ce ya turo mini, amma ya sani ni ba na ganin kuskure. Ya turo jiya, ya turo yau.

Na rufe wurin sharhi na kwana bakwai. Mai son faɗa ya yi haƙuri, ba ni da ƙarfinsa yanzu.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Wasila da ƙannenta Lutfi da Nabiha, da jikokinka, da ɗaliban da ka koyar shekara talatin da bakwai, da mutum ɗaya a kudu wanda ba zai iya zuwa zaman makoki ya faɗi ko shi wane ne ba. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka.

Allah Ya jiƙan ka, Sidi. Allah Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka, Ya haskaka shi, Ya sada ka da matarka Lalla Zubaida da ta riga ka. Ka rufa wa bayinSa asiri a duniya, Allah Ya rufa maka naka ranar da babu mai rufawa sai Shi. Amin.