Ƙurajen Waken Inna

Shekarar da aka ba ni aji a Madawa, ƙauyenmu na kusa da Sabon Gida ya daina kiran sunana. Kowa Mushe yake ce mini, yadda ake kiran malamin boko da Faransanci, har Inna da ta haife ni. Ni kuma na karɓi sunan da nauyinsa duka: mai ciwon ido, mai rediyon da ta ƙi magana, mai akuyar da ta ƙi cin dusa, duk ina da amsar da zan ba su. Ban taɓa cewa ban sani ba.

A damanar nan Inna ta shuka waken suya a gamanarta, ɗan filin da Baba ya yanka mata. Awara take soyawa, kuma ta gaji da jiran waken da ake kawowa kasuwar Bangi. Wani malamin gona ya ba matan ƙauyen iri da wani baƙin gari, ya ce su cuɗa su da ruwan ƙaro kafin shuka. Burinta ɗaya ne, ta yi shekara tana suya da waken hannunta.

Da na zo hutu ta kai ni in gani. Na tsuguna a hankali saboda wandona, na tuge tushe ɗaya. Saiwar duk ƙulle-ƙulle, kamar ƙuraje. Na taɓa ganin irinsu a saiwar tumatir a fadama, ranar da mai lambun yake kuka.

“Mi kag gani, Mushe?” in ji Inna.

“Maladi ne,” na ce, don cuta ta fi tsanani da Faransanci. “Baƙin garin nan ne ya kawo ta. Sai an ba shukar ƙarfi.”

Na sa aka kawo farin takin zamani, wanda masu albasa ke rantsuwa da shi. Na watsa da hannuna, ban yi rowa ba. Layi uku na gefen gabas ne kawai suka tsira, don buhun ya ƙare.

Cikin mako biyu gamana ta yi kore shar. Masu wucewa suna tsayawa suna cewa boko ya yi rana, ni kuwa nakan bi ta wajen sau biyu a yini ba tare da wani dalili ba. Waken ya yi ta ganye, ya yi tsawo, iska ta zo ya kwanta. Ruwa ya ɗauke yana nan yana ado, kwanson kaɗan, yawancinsu fanko. Layukan nan uku da na tausaya wa su ne suka ɗauki ƴaƴa.

Malamin gona ya dawo zagaye, mata suka biyo shi, ni ma ina tsaye da hannu a baya. Ya tuge tushe daga gabas, ya fasa ƙulli ɗaya da farce. Cikinsa ja ne kamar nama. Ya ce wasu ƙananan halittu ne na baƙin garin ke zaune ciki, suna jawo wa shuka taki daga iska, ita kuma tana ciyar da su. In aka cika mata takin buhu, sai ta daina ciyar da su, aikin ya tsaya. Ya fasa na tsakiyar gona, cikinsa ya koɗe, ya mutu.

“Wa ya zuba taki haka?” ya tambaya.

Na ji kunyar da ban taɓa ji ba, amma bakin nan mai amsar komai ya ƙi buɗewa.

“Ni niz zuba,” in ji Inna. “Ɗana ya hana ni, ban jiya ba. Kun san tsohuwa.”

Matan suka yi mata dariya, wata ta ce mai Mushe a gida ba ta da hujjar yin wauta. Inna ta taya su dariyar.

Tiya huɗu ta samu. Kafin sanyi ya wuce ta koma sayen wake a Bangi. Ba ta taɓa tayar da maganar ba, ko sau ɗaya. Har yau in na je gida takan miƙo mini wayarta in duba mata saƙo, ko takardar likita in karanta mata. Gamanarta kuwa, duk lokacin da na ce mu je in gani, sai ta ce rana ta yi zafi, in zauna in huta.