Waƙar Agwagwa Mai Takalmi Ɗaya

Baba Direba kowa ke ce masa, har matarsa kafin ta rasu. Ya ƙarar da ƙarfinsa yana kai 'yan nazare makaranta a wata farar bas wadda sai an doki ƙofarta da kafaɗa take rufuwa. Allah bai ba shi haihuwa ba, sai ya cika masa mota da 'ya'yan mutane, masu majina da kukan safe.

Rediyon motar ya mutu tun ba a je ko'ina ba, ba wanda ya gyara. Shi ne ya fara waƙa da bakinsa yana kiɗa a sitiyari. Muryar dai, a faɗi gaskiya, sai haƙuri. Amma yana da ƙa'ida: waƙar da yaro ya kai gida, iyaye ne za su sha ta safe da yamma, bai kamata a azabtar da bayin Allah ba. Don haka kowace waƙa sai ya yi mata amshin shirme na yara, kamar agwagwa mai takalmi ɗaya, sannan ya saƙa baiti guda don manya: na uwar da ta ciyar da kowa ta manta da kanta, ko na uban da ke dawowa yara sun riga sun yi barci. Yaran ba sa gane baitin, rerawa kawai suke yi. Duk ranar da wata uwa ta miƙo ɗanta tana rera waƙar ƙasa-ƙasa ba ta ma sani ba, Baba Direba don murna ko abincin rana ba ya nema.

Da idanunsa suka fara hazo, aka yi masa godiya aka karɓi makulli. Ya koma ɗakinsa na bayan shagon mai walda, tabarma ɗaya, kofi ɗaya. Kaɗaici ya ci shi sosai. Abin da ya fi damunsa shi ne ko cikin yaran nan akwai mai tuna shi. Da safe yakan fito bakin titi lokacin da sabuwar bas ke wucewa, gilasai a rufe, ba yaron da ke waiwayowa.

Wata rana yana zaune a layin asibitin ido, sai jaririn wata matashiya da ke gefensa ya ɓarke da kuka. Ta ɗora shi a kafaɗa tana jijjigawa, ta kama waƙar agwagwa. Da ta zo baitin uwa sai ta sassauta murya, ta kuma juya kalmomi biyu. Baba Direba bai iya haƙuri ba, ya gyara mata.

"A'a, Baba," in ji ta cikin ladabi, "haka direbanmu yake yi."

Ta ba shi labari ba tare da ya tambaya ba. Ta ce tun tana 'yar mitsitsiya take rera baitin nan, amma sai da ta haihu ta gane shi, ranar har da hawaye. Yanzu ita da mamanta ke yi wa yaron tare, mijinta ma ya iya amshin.

"Mutumin kirki ne," ta ce. "Na ji an ce ya daɗe da rasuwa. Allah ya jiƙansa."

Ya buɗe baki zai ce mata shi ne. Ya dubi rigarsa da ta kode, da sandar da ke hannunsa. Direban da take magana a kai yana da ƙarfi, yana dariya, yana doke ƙofa da kafaɗa. Bai so ya karɓe mata shi ya ba ta wannan tsohon ba.

"Amin," ya ce.

Aka kira ta ciki. Ya janye ƙafafunsa don ta samu hanya.