Wa Ke Sa Hannu da Baba?

Asabar: Jos zuwa Akwanga

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba na fito daga gidana a Jos, jaka a kafaɗa, kwali a ka kamar ɗan dako. Tsakiyar damina ce, a shekarun nan da sai an yi layi kafin a sami madarar gwangwani. Abin da ya fito da ni 'yar takarda ce da ƙanwata Hajara ta ba wani direba ya kawo mini makarantar da nake koyarwa. Ta ce mahaifinmu ya shiga mako na uku ba ya cin abinci, an kai shi asibiti ba a ga komai ba, in ina da hali in zo. Hajara ba ta rubuta wasiƙa a kan ƙaramin abu, saboda haka tun ranar hankalina bai ƙara kwanciya ba.

A cikin kwalin akwai madara da sukari da ganyen shayi da kifin gwangwani, da kwalba biyu ta maganin ƙarin jini. A ganina na lokacin, duk abin da mara lafiya ke bukata yana ciki.

Na yi sallah a tasha, fijo ta cika ƙarfe shida da minti goma. Direban wani dattijo ne mai suna Garba, ba ya magana sai ta kama. Muna isa Hawan Kibo gajimare ya sauko ya kwanta a kan kwalta, ya rage gudu har mai keke zai iya wuce mu. Ni kuwa, kun san ni da gajen haƙuri.

"Direba, ba za a ɗan ƙara wuta ba? Mara lafiya gare ni."

"Malam, leƙa ƙasa tukuna."

Na leƙa. Can cikin kwazazzabo ga wata babbar motar kaya, roka, ta kife, tayoyinta a sama, ciyawa ta tsiro a jikinta. Na koma na jingina da kujera.

Kafin Gwantu akwai shingen sojoji. Ɗayansu ya ƙwanƙwasa kwalina ya ce mene ne a ciki. Na ce kayan mara lafiya ne, babana. Ya dube ni, ya ce, "Allah ya ba shi sauƙi," ya ɗaga mana hannu. Addu'ar tasa ma tsoro ta ƙara mini, don na gane abin ya fito a fuskata. Mun shiga Akwanga tara da minti ashirin. Garba ya ba mota ruwa, fasinjoji suka rufar wa masu gasasshiyar masara. Na sayi ɗaya kwabo goma, na riƙe ta a hannu har ta huce.

Akwanga zuwa Bukan Sidi

Daga Akwanga zuwa Lafia kilomita sittin ne ko kusa da haka. Muka wuce duwatsun Nasarawa Eggon, muka sauko Shabu, inda gonar Baba take. Gonakin doya sun yi kore shar, mutane duƙe suna ta noma. Na hango tamu daga titi, ciyawa ta kai gwiwa. Ban taɓa ganin ta haka ba tun da na yi wayo.

Na sauka Bukan Sidi, unguwarmu a Lafia, sha ɗaya saura minti ashirin. Wallahi abin da na fara dubawa daga nesa shi ne ko an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidanmu, ko mutane sun taru. Ba kowa sai awaki. Sai a lokacin na ƙarasa na yi sallama.

Inna, mahaifiyarmu, tana tsakar gida tana tankaɗe. Ni ne ɗan farinta, don haka ba ta kallon fuskata, ba ta kiran sunana. Ta amsa gaisuwata tana duban rariya, ta ce wa Hajara, "A ba mutumin Jos ruwa."

Baba yana ɗakin ciki a kan gadon ƙarfe. Mutumin da ke ɗaukar buhun dawa shi kaɗai ya koma kamar an rataye riga a ƙusa. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "An zo lafiya? Ya hanya?" Muryarsa sai ka kasa kunne.

A waje Hajara ta ba ni labari. Zazzaɓi ne ya fara, suka ɗauke shi daga zaure, inda yake wuni, suka mai da shi ɗaki saboda sanyi. Zazzaɓin ya tafi cikin kwana huɗu, amma ci bai dawo ba. "Yaya, kaji uku muka yanka. Na dafa masa shinkafa, na zuba a farantin tangaran ɗin da ka kawo bara, na sa cokali, na kai masa har gado. Sai ya ɗebi cokali ɗaya, ya ce alhamdu lillahi, ya ture. Kunu ma kurɓa biyu."

Na ce a raina, ai ba su iya ba ne. Na haɗa shayi mai kauri da hannuna, na fasa kifin gwangwani, na yanka burodi, na jera a tire. Na ajiye a gabansa na ce, "Baba, ku daure ku ɗan taɓa." Sannan na fito na sako labule, don ba a tsayawa a kan uba yana cin abinci. Na ba shi rabin awa. Da na koma shayin ya yi yana, ƙuda na yawo a kan kifin.

"An gode," in ji shi. "Allah ya yi albarka."

Na fito na sauke haushina a kan Hajara, wai me ya sa ba ta rubuto da wuri ba. Ta ce, "To ga ka ka zo, malamin makaranta, sai ka ba shi mu gani." Da yamma aka yi tuwon dawa da miyar karkashi, irin wanda nake mafarkinsa a Jos, na ci loma biyar ina jin kamar sata nake yi.

Ina wanke hannu Inna ta yi magana, fuskarta na duban bango. "Da za a je Doma wurin Baba Agbo. Ya san wani sassaƙe na buɗe ciki." Baba Agbo maƙwabcinmu ne, ɗan ƙabilar Alago, gonarsa na jikin ta Baba a Shabu. Farkon damina ɓarin jikinsa ya shanye, 'yarsa ta zo ta tafi da shi gidanta a Doma. Ni ban yarda da sassaƙe ba, amma dabarata ta ƙare.

Lahadi: Doma

Shida da rabi na safe ina tashar Doma. A-kori-kura na samu, muka cunkusu a baya da mata masu kwanduna da wani mai akuya. Tafiyar ba ta fi kilomita ashirin da 'yan kai ba, amma sai da ta ci mana awa ɗaya da rabi, don an kwana ana ruwa. A wani kwari motar ta kafe, yaron mota ya ce, "Maza a sauka a tura!" Na tura da takalmin zuwa aiki, taɓo har gwiwa, ina ta tunanin ko zan koma in tarar da abin da nake tsoro.

Na sami gidan da tambaya. Baba Agbo na kwance a rumfa, bakinsa ya karkace, amma idonsa tar. 'Yarsa ta jingina shi da bango. Na faɗi abin da ya kawo ni, na ce Inna ce ta ce a karɓo sassaƙe. Bai ko kula maganar sassaƙen ba.

"Wa ke sa hannu da shi?"

"Ban gane ba, Baba."

"A kwano. Wa ke ci da shi?"

"Ai ba kowa. Har ɗaki ake kai masa nasa, a faranti."

Ya rufe ido ya girgiza kai. "Kai, kai, kai. Ku ne za ku kashe shi." Ya huta, don maganar na yi masa nauyi, sannan ya ci gaba da irin Hausarsa. "Shekara arba'in ni da babanka kwano ɗaya. Safe a gona, yamma a zaure. Mamanka ya dafa, mu ci. Matata ya dafa, mu ci. Ka taɓa ganin shi ya ci shi ɗaya?"

Na yi tunani, na laluba tun daga ƙuruciyata. Ban taɓa gani ba.

"Maraya ne ya tashi, a gidan wani ɗan'uwan ubansa. Yaran gida su ci tare, shi a zuba masa a sakaina, a ajiye masa bayan rumbu. Tun daga nan, in aka ware masa abinci, wuyansa rufewa yake yi. Ba zai gaya muku ba, ko zai mutu. Da yana zaure, ko mai wucewa ya kira. Ku kuma kun kai shi ɗaki, kun ba shi cokali, kun ja labule."

Ina da shekara talatin da biyar ban san wannan game da ubana ba. Duk abin da muka yi don girmamawa, shi ne abin da aka yi masa yana maraya.

Na ce, "Baba, ko za mu samo mota mu tafi da ku?" 'Yarsa ta ce ko zama ba ya iya yi na minti goma.

"Kai za ka zauna," in ji shi.

"Ni ɗan fari ne, Baba. Ban taɓa haɗa hannu da shi ba."

"To riƙe kunyarka, ka biya kasuwa ka sayi likkafani."

'Yarsa ta ɗauko sabuwar doya guda biyu ta ɗaure mini da igiya. Da zan tafi ya riƙe hannuna da hannunsa mai lafiya, hawaye na bin gefen fuskarsa.

Zaure

Na iso gida sha biyu da rabi, ban ko wanke ƙafa ba. Na ce wa Hajara ta dafa doyar, ba nama, ba komai, manja kawai da gishiri da barkono, ta zuba a tsohon kwanon samira babba. Na share zaure na shimfiɗa tabarma, muka tallabo Baba muka fito da shi. Bai kai nauyin buhun gawayi ba.

Hajara ta ajiye kwanon ta gudu. Na wanke hannu, na miƙa masa butar, na zauna daura da shi.

"Baba, yunwa nake ji. Tun jiya ban ci abin kirki ba."

Ya dube ni, ya dubi taɓon da ya bushe a wandona, ya daɗe. "Doma aka je?"

"E, Baba."

"Agbo da surutu." Ya dubi kwanon. "Yana ci?"

"Yana ci. 'Yarsa ke ci da shi."

Ya wanke hannu a hankali. Ya ce bismillah. Na ɗauki yanka ɗaya na dangwali manja, shi ma ya ɗauka. Ban ɗaga kai ba, kunnena kawai na kasa, har na ji ya haɗiye. Ya ci yanka huɗu. Sannan ya sa yatsa ya turo mini na tsakiyar, mai garin, gefena. Kuka ya zo mini, ban iya tare shi ba, na ci doyar ina hawaye, shi kuma ya yi kamar bai gani ba.

Bayan magariba muka sake zama a kan tuwo, ya ci fiye da na rana. Amma murnata ba ta cika ba. Gobe Litinin, ni zan koma aiki, Hajara za ta koma ɗakin mijinta, gidan ba wani namiji. Hajara ta ce wa Inna sai dai ita ta riƙa ci da shi. Inna ta saki muciya. "Ku rufa mini asiri! Tun da aka kawo ni gidan nan ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba. Sai yanzu da furfurata?" Ta shige ɗaki.

Litinin: komawa

Na yi niyyar bin motar asuba, na fasa. Ƙarfe bakwai Hajara ta kai ɗumamen tuwo zaure. Na yi wa Baba sallama, na fito da jakata, na raɓe a jikin katanga inda nake hango ciki. Yana zaune, hannuwansa a kan gwiwa, kwanon na tururi a gabansa. Minti biyar. Minti goma. Tururin ya fara raguwa. Na riga na sauke jakar, na ce aikin ya tafi duk inda za shi.

Sai ga Inna ta fito daga cikin gida, ta ja mayafi har kan hanci. Ta zauna a bakin tabarmar, ta ba shi rabin baya. Ta wanke hannu. Ta ce wa bango, "A matso da kwanon."

Baba ya matso da shi.

Na sami mota a bakin titi takwas saura kwata, muka tsaya Akwanga na ci masara biyu, na shiga Jos ana kiran azahar. Shugaban makaranta ya yi faɗansa, na ba shi haƙuri da zuciya ɗaya.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, ya kuma bar mana Baba wasu shekaru. Na gode wa Garba direba da ya ƙi biye mini a Hawan Kibo, da Hajara, da Baba Agbo da 'yarsa, Allah ya saka musu. Wadda ban iya yi wa godiya ba ita ce Inna, don tsakanina da ita ba a yin haka, da na fara ma tashi za ta yi ta bar mini wurin. Shi ya sa na rubuta a nan, inda na san ba za ta karanta ba: Inna, na gan ki ranar, kuma na san abin da zaman nan ya ci miki. Na gode.