Gonar Saje Nojitolum

Tun yana ƙarami, a ƙauyenmu na kusa da Mundu, ba wanda ke so a haɗa shi aiki da Nojitolum. Kai, mutumin nan akwai nawa! In an fita cirar gyaɗa, kowa ya gama kunyarsa ya nemi inuwa, shi yana tsakiyar tasa yana kakkaɓe ƙasa ƙwaya-ƙwaya. Ubansa ya yi faɗa har ya gaji. Da ya ce zai shiga soja dariya aka yi ta yi, wai za a gama yaƙi a watse bai gama ɗaura takalmi ba.

Arewa aka tura shi, wajen Faya, cikin masu tonon nakiyoyin da yaƙe-yaƙen baya suka bari a rairayi. Aikin na rarrafe ne. Ka durƙusa, ka soka siririn ƙarfe a ƙasa a karkace, ka ji abin da hannunka zai gaya maka, sannan ka matsa gaba ɗan kaɗan. Masu rawar kai ba su daɗe ba, wasu da ƙafa ɗaya aka mayar da su gida. Nojitolum kuwa shekara goma sha ɗaya ya yi, ko ƙwarzane babu. Can ne ya fara jin wani babban soja ya nuna shi ya ce wa sababbi, “Ku yi yadda yake yi.” Ranar bayan mota ya zagaya ya yi kuka, don sai lokacin ya san ashe ba lalatacce aka haife shi ba.

Da ubansa ya rasu ya ajiye kaki, ya dawo gida da igiyar saje. Gonar gidansu na nan, amma a wurinmu ba a barin gona ta yi damina biyu a jere ba shuka. Dattijon ƙasa zai miƙa ta ga wani cikin dangi, in ta tafi kuma ta tafi. Tasu ta riga ta yi ɗaya.

Ruwan farko ya sauka, ya saɓi fartanya ya tafi. Ya ɗaga ta, hannu ya ƙi sauka. Ya sani sarai ba abin da aka taɓa binnewa a gonar nan sai iri, amma jikinsa ya ƙi yarda ya sari ƙasar da bai bincika ba. Ya koma gida ya samo siririn ƙarfe, ya kafa turaku, ya ja igiya, ya durƙusa.

Kwana tara matarsa Remaji tana kawo masa tuwon dawa tana kallo. Ran na goma ta kasa haƙuri.

“Baban Nelum, don Allah me kake nema? Dawar maƙwabta har ta tsiro!”

“Bari in gama wannan layin tukuna.”

“Jiya ma haka ka ce. Ba ni fartanyar in yi da kaina.”

Tana tsallake igiyar ya daka mata tsawa, ya fizgo ta har ta faɗi zaune. Ba ta sake zuwa gonar ba.

Mutanenmu kuwa, Allah ya shirye su, abin nishaɗi suka samu. Masra, ɗan baffansa, ya biyo da shanun huɗa ya ce, “Saje, an samu bam ɗin kuwa? In ka tono a ajiye mana namu.” Da ya gama dariyarsa ya sassauta murya. “Yaya, bari in shigar maka da shanu, aikin yini ɗaya ne.”

Nojitolum ya so ya ce to, wallahi ya so. Abin da ya fito bakinsa shi ne, “Kada ka taka nan.”

Dawar mutane ta kai gwiwa, shi ko kashi ɗaya cikin huɗu bai bincika ba. Dattijon ƙasa ya zo da sandarsa, ya daɗe yana duban igiyoyin.

“Ɗana, ba ni na kawo al'adar ba. Na ba Masra, ko riɗi ya samu ya watsa.”

Bai yi gardama ba. Abu ɗaya ya roƙa: “Baba, a ce masa ya tsaya cikin igiya. Nan kaɗai na tabbatar.”

Washegari Masra ya tumɓuke turakun ya kora shanu ciki. Nojitolum na tsaye bakin gona, ya toshe kunnuwa da hannu biyu, gumi na zuba. Suka je ƙarshe suka dawo, suka sake komawa, har rana ta take. Ba abin da ya fashe. Ya sauke hannuwansa, ya rasa ma inda zai nufa.