Facin da Takwara Ta Ƙi Sa wa Hannu

Ku matso kusa, ku rage surutu, mai tari ya yi tarinsa tun yanzu. Abin da zan faɗa ba tatsuniya ba ce. A tsakar gidana aka yi shi, a garinmu da ke gefen Ƙarfi, da kakar bara waccan. Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Ina faɗa ne surukata tana rubutawa, kuma na gargaɗe ta kada ta gyara mini baki.

Jikoki gare ni kamar tsaba, amma biyu ne a cikin wannan magana. Namijin ɗan babban ɗana ne, ina ce masa Maigida saboda wasan kaka da jika. Macen kuwa ɗiyar autana ce, sunana aka sa mata, shi ya sa nake ce mata Takwara. Maigida ya girme ta da shekara shida. Shi ya fara ɗora hannunta a kan kwamfuta, a wani shago a Funtua, tun tana 'yar sakandare. Wannan ba mai musunsa, ita ma ba ta taɓa musu ba.

Kwanci tashi, Takwara ta gama karatunta ta dawo gida. Kullum in ta gama aikin safe sai ta shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin mangwaro, ta jawo wayar sola, ta buɗe abin nan tana ƙwanƙwasa har azahar. Rannan na gaji da kallo na ce, "Ke Takwara, gonar wa kike nomewa a cikin faifan nan?"

Ta ce, "Kaka, gayya ce."

"Gayya ba kiɗa, ba fura?"

Ta yi dariya, ta matso ta yi mini bayani. Ta ce akwai manyan kwamfutoci da ake yanka su daga ciki, su zama ƙanana da yawa, kamar gidan haya mai ɗakuna, kowa da ƙofarsa. To in saƙo ya shigo gidan, dole a sami mai cewa wannan na ɗaki kaza ne, wancan na ɗaki kaza. Wannan mai rabon saƙon, ba mutum ba ne, manhaja ce, ita suke ginawa. Na ce, "Ashe ɗan kamasho ne a tashar Funtua. Na Dandume ku shiga nan, na Malumfashi ku yi can." Ta ce wallahi na fi wasu 'yan ajinsu ganewa.

Ta ce abin ba na mutum ɗaya ba ne. Kowa na iya ɗauka ya yi amfani da shi kyauta, kowa na iya kawo gyara, daga kowace ƙasa. Gyaran nan faci suke ce masa, kamar na mai gyaran taya. Amma faci ba ya shiga sai wani ya duba shi, ya gwada, ya rubuta sunansa a ƙasa cewa na duba, na yarda. Kuma duk wannan a fili ake yi, a wani zaure na wasiƙu da duk duniya ke iya leƙawa. Ita kanta, ta ce, facinta na farko sau biyar ana dawo mata da shi. Ta yi kuka, ta share hawaye, ta gyara. Da shekaru suka tura, sai ga shi ta shiga cikin waɗanda in sun ce sun duba, manyan aikin kan yarda.

Ana nan, ana nan, sai Maigida ya ji wani kamfani na neman ma'aikata, kuma sun ce wanda ya nuna facinsa ya taɓa shiga irin wannan gayya, shi za su fara dubawa. Kwanakin da suka rage kaɗan ne. Sai ya zauna ya rubuta faci na ƙara wa mai rabon saƙon nan sauri, ya turo wa Takwara.

Ranar muna ɓarar gyaɗa, ta kira shi, ta sa wayar a amsa-kuwwa saboda hannunta da ƙasa. Da kunnena na ji.

Ta ce, "Yaya, dabarar ta yi kyau, saurin ya ƙaru. Amma na gwada, in aka cire ƙofa ɗaya saƙo na kan hanya, sai ya faɗa ɗakin maƙwabci."

Ya ce, "Sau nawa hakan zai faru? Ke ma kin san da wuya."

"Na gwada sau goma, ya faru sau biyu. Kuma akwai asibitoci da ke kan abin nan, Yaya. Takardar wani ta faɗa hannun wani?"

"Malama, ni na koya miki riƙe linzamin kwamfuta. Ke dai sa hannu, in ya shiga na gyara daga baya."

"Mu gyara tare yanzu mana. Kwana uku ya isa."

"Ba ni da kwana uku." Ya kashe.

Na ɗauka maganar ta mutu. Ashe shi lissafinsa daban. Ya san tarbiyyar gidanmu, ya san ƙanwa ba ta ƙaryata yayanta a gaban mutane. Sai ya ɗauki facin nan yadda yake, ya aika zauren, ya kuma ambaci sunanta a fili cewa ita yake roƙo ta duba. Wato ya kai ta gaban jama'a don kara ta rufe mata baki.

Kwana biyu yarinyar nan tana ta juya maganar a ranta. Ta sake kiransa, bai ɗauka ba. Ba ta tambaye ni shawara ba, ni ma ban ba ta ba. A rana ta uku da hantsi ta rubuta amsa, ta karanta mini da Hausa. Ta gode masa, ta yabi dabarar, ta nuna layin da ɓarakar take, ta faɗi yadda kowa zai gwada ya gani, ta kawo hanyar gyara. A ƙarshe ta ce ba za ta iya sa sunanta ba sai an gyara. Ba zagi, ba habaici. Ta danna, ya tafi.

To, a nan sai na gaya muku wani abu game da ni da uban Maigida. Ɗan farina ne. Mu a zamaninmu ba a kiran sunan ɗan fari, ba a haɗa ido da shi, ba a doguwar hira da shi. Ya haura sittin, ya je Makka, yana da rumbunan hatsi a Funtua da Dandume, amma bakina bai taɓa furta sunansa ba. In ina da magana da shi sai in ce wa wani, "Ku gaya wa wancan." Shi ma ya saba. Kome ya yanke a gidan nan, ba ya jin a'a daga gare ni, don ba ni da bakin faɗa masa.

Ashe Maigida ya kai masa ƙara. Ranar da ya taso daga kasuwa, sai ga motarsa a ƙofar gida da la'asar, Maigida na biye da shi fuska a murtuke. Aka shimfiɗa tabarmi. Autana, uban Takwara, ya zo ya durƙusa gefe. Ni ina bakin ɗakina na juya musu kafaɗa, ina tsince wake.

Alhaji, wato ɗan farin nawa, ya ce, "Ina 'yar bokon? Zo nan. Ke ce kika tsaya gaban Turawa da mutanen Sin kina tona wa ɗan'uwanki asiri?"

Ta durƙusa ta ce, "Baba, na kira shi kafin nan, har sau biyu."

"Ban tambaye ki ba. A gidan nan in tuwo ya yi gudaji, a madafa ake faɗa, ba a zaure ba. Yanzu ki ɗauko abin nan ki goge abin da kika rubuta, ki sa masa hannu."

"Baba, ba ya goguwa. Mutane sun riga sun karanta, yana ajiye a wurare da yawa."

"To ki rubuta cewa ke kika yi kuskure."

Ba ta tashi ɗauko kwamfutar ba. Maigida ya ce, "Ka gani ko, Baba? Ta zama Baturiya."

Alhaji ya juya ga ƙaninsa ya ce, "Ko ta yi abin da na ce, ko ta rufe kwamfutar nan ta bar aikin baki ɗaya. Aikin da zai raba zumunci ba aiki ba ne." Autana ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya ya yi magana." Shi dama haka yake, ruwan sanyi.

Na dubi yarinyar nan. Na ga ba za ta rubuta ƙaryar ba, na kuma ga za a raba ta da aikinta a gabana. Sai na ture faifan waken. Na juyo da jikina gaba ɗaya. Na dubi ɗan farina ido cikin ido, abin da ban yi ba tun yana goye.

Na ce, "Kai. Da kai nake."

Surukata da ke daka ta tsaya da taɓarya a sama.

Na ce, "Kana tuna shekarar da ka ci tafasa har ka daina tambayar tuwo? Kana ɗan shekara biyar. Ka san mafarinta? Ba fari ba ne, ni ce. A lokacin ni ake kawo wa iri in duba, don idona ya san ƙwaya. Yayar ubanka ta kawo irin dawa a masaki, ta ajiye gabana a gaban mata, ta ce duba mana amarya. Na damƙa na ji ba nauyi. Na ga hudar ƙwaro. Na san in na zuba a ruwa rabi zai taso. Amma babbar yaya ce, ga mutane. Sai na ce iri ya yi. Kara na yi mata. Gida huɗu suka shuka irin nan a kan maganata. Tsiro ya fito nan ɗaya can ɗaya kamar haƙoran tsohuwa. Kafin a sake shuka damina ta yi nisa, ruwa ya ɗauke dawa ba ta kai ba. Ita mai irin ba wanda ya zarge ta. Ni aka ce na duba."

Alhaji ya buɗe baki ya ce, "Inna, ai wannan daban..."

Na ce, "Ban gama ba. Shekara sittin ina yi maka shiru, yau ka yi mini na minti biyar. Yarinyar nan iri aka kawo mata, ta ga huda, ta faɗa. Ta faɗa a madafa, ba a ji ba. Shi ya ɗauki masakin ya kai zaure da kansa. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. In sunanta ya hau kan abin da ta san ruɓaɓɓe ne, sunana ne ya hau, kuma ni na riga na yi wannan sau ɗaya, ba zan ƙara ba ko a bakin jikata."

Na juya kan Maigida na ce, "Kai kuma Maigida, miji ne kai ko rago? Mace ta nuna maka inda rigarka ta yage, maimakon ka nemi allura sai ka tafi ka ɗauko ubanka?"

Ya ce, "Kaka, aikin zai wuce ni."

"Ya wuce. Allah bai ƙare da rabo ba."

Sannan na ce wa kowa, "Kwamfutar nan a ɗakina za ta riƙa kwana daga yau. Mai son rufe ta ya zo ya ɗaga ni tukuna."

Alhaji ya miƙe, ya kaɗe rigarsa, ya ce, "Allah ya huci zuciyarki, Inna." Ya fita ko ruwan da aka kawo masa bai sha ba. Ni kuwa na koma ɗaki na zauna a bakin gado. Kunya ta rufe ni kamar na fita kasuwa ba mayafi. Amma ban yi nadama ba, har yau ban yi ba.

Ga yadda kowa ya ƙare.

Maigida aikin nan ya wuce shi, wani aka ɗauka. Da ƙaramar salla bai zo gaishe ni ba. Bayan wata huɗu, ba tare da ya gaya wa kowa ba, ya gyara facin ya sake aikawa. Takwara ta roƙi wani can wata ƙasa ya duba a madadinta. Shi ma ya dawo masa da shi, a kan wata ɓaraka daban. A karo na uku ya shiga. Yanzu yana haɗa wa makarantu da shaguna intanet tsakanin Funtua da Malumfashi. Suna gaisawa da Takwara, amma hirar da suke yi da ba ta dawo ba tukuna.

Autana yana nan yana nomansa, in an tayar da maganar sai ya tashi ya duba awaki.

Takwara ta yi aure lokacin kaka, a Funtua, ta tafi da kwamfutarta. Tana nan tana duba facin mutane, tana dawo musu da shi in ya kama.

Alhaji yana aiko mini da hatsi kamar yadda ya saba, yana zuwa gaisuwa ranar Juma'a, sai dai ba ya daɗewa. Mata a gari sun yi ta cewa tsohuwa ta ruɗe, ta dubi ɗan farinta ta yi masa faɗa a gaban 'ya'yansa. Su yi ta faɗa. Ni na san da hankalina na yi, kuma in an sake kawo irin wannan magana tsakar gidana, zan sake juyowa.