Farin Kwabon Maigidana

Maigidana likita ne, kuma kafin wannan abu ya same shi ban taɓa ganin ya kalli canji sau biyu ba. Wata Asabar na aike shi sayen attaruhu a wani shago a Catford, unguwarmu a nan London, ya dawo babu attaruhun, sai wani kwabo a tafin hannunsa. Ba ma fam biyu ba, fenni biyu ne, ƙaramin canjin Ingila, irin jan nan da ake bari a kan teburin mai shago don nauyi. Sai dai wannan fari ne fat, kamar murfin gwangwani.

Ya zaunar da ni ya yi mini karatu. Wai waɗannan kwabbai ƙarfe ne a ciki, jan ƙarfe ake shafa musu a waje. Wani lokaci ɗaya yakan kuɓuce daga gidan buga kuɗi ba a shafa masa ba, ya fito tsirara, kuma akwai masu nemansa ido rufe. Na ce, "To Likita, ina attaruhun?" Ya ce in yi haƙuri, ba na ganin abin da yake gani.

Cikin mako guda ya yi odar ƙaramin sikeli, da mayen ƙarfe, da gilashin da ake maƙalawa a ido. Teburin cin abincinmu ya koma ɗakin gwaji. Kowane kwabo sai an auna shi, an duba gefensa, domin a cewarsa wanda aka kankare da asid fuskarsa takan yi ƙuraje, wanda kuma aka yi wa fenti yakan ɗara nauyi. Mutumin da marasa lafiya ke jira wata guda su gan shi na minti goma, ga shi yana ba fenni biyu rabin yini.

Matsalarsa ita ce London ta daina riƙe tsaba. Ko'ina kati ake dannawa. Sai ya tuna da bokitin sadaka na masallacinmu. Ran Juma'a ya je ya sami liman ya ce shi zai riƙa tattara sadakar yana kaiwa banki, don a huta. Yakan kwaso ta gida ya baje, ya tsince duk kwabon da ya ga ya yi fari, ya mayar da wani daga aljihunsa. A nan ba ya ha'inci, wannan kam na shaida.

Jama'a suka ga babban likita yana ɗaukar bokiti da hannunsa. Liman ya yabe shi a gaban mutane, ya ce ga wanda boko bai sa wa girman kai ba. Matan unguwa suka riƙa tare ni suna cewa na yi dacen miji. Ni dai amin nake cewa. Kafin azumi aka naɗa shi ma'aji, babu wanda ya ja. Tun daga nan tukunyar ɗumama masallaci in ta lalace shi ake kira, haka in ƙaramar hukuma ta aiko da takarda kan ajiye motoci.

Daga baya ya ji ana baje kolin kwabbai a Croydon, ya ce in raka shi. Muka hau tiram, ƙaramin jirgin ƙasan cikin gari, da gwangwanin madara cike da fararen kwabbai. Wani Bature mai teburi ya zazzage su, yana ture su gefe da yatsa ɗaya-ɗaya. Wannan ruwa ne ya ci shi, wannan injin wanki, wannan 'yan makaranta ne suka yi wasa da shi a ajin kimiyya. Da ya zo kan na farkon sai ya dakata, ya auna, ya ce wannan na gaske ne. Maigida ya juyo ya dube ni kamar an ce masa ya ci zaɓe. Sannan Baturen ya faɗi farashi. Ko kuɗin sikelin bai kai ba.

"Ba na sayarwa ba ne," in ji maigida, ya mayar da shi aljihun gaba. A hanya ya ce mini mutumin so ya yi ya cuce shi.

Maimakon ya haƙura, sai ya faɗaɗa. Ya buga wa ƙannensa a Kano waya, ya ce su bi tsofaffin gida su nemo masa kwabo mai huda da sisi da taro, duk wanda launinsa ya bambanta. Maganar ta kai kunnen mahaifiyarsa. Ba shi ta kira ba, ni ta kira.

"'Yar nan, gaya mini gaskiya. Wane malamin ne ya ce ya kawo kwabo mai huda?"

Na ce, "Hajiya, babu malami. Sha'awa ce kawai, Turawa ma suna yi."

Ta ce haka ƙanen mijinta ya fara, ƙarshe sai da ya sayar da gonarsa. Ta ce kada in bar shi ya fita da fasfo, kuma za ta aiko da rubutu ta hannun mai zuwa. Rubutun ya iso cikin gorar roba, na ba shi, ya shanye tas, domin Hajiya tana kan waya ta bidiyo tana kallo.