Bidiyon da Na Ajiye Don Neman Ƙanena

A lokacin da abin nan ya faru ni direban bas ne a wani kamfani a Doha, mutum marar magana, har abokan aiki suna tsokanata wai ko sauro ya cije ni sai na yi shawara kafin in sosa. Ba haka aka haife ni ba. A garinmu, can arewa maso gabas, ni ne sarkin surutun majalisa. In aka kunna rediyo ana labarin yaƙin wata ƙasa, ni nake raba wa jama'a mai gaskiya da marar gaskiya, kamar da ni aka yi shawarar. Sai yaƙin ya gaji da zama a rediyo ya tako garinmu da ƙafarsa. Mutanen daji suka ƙone kasuwa, muka watse, Inna ta ƙare a sansanin 'yan gudun hijira. Ƙanena kuwa aka tare motar da yake ciki a hanyar cin kasuwa, aka shige da su daji. Daga nan bakina ya mutu. Na sami hanyar Qatar na taho, ina tuƙi, ina ci, ina barci, ba na jin daɗi kuma ba na jin rashinsa.

Mu biyu Inna ta tsira da mu. Tsakanina da shi ta yi ta haihuwa suna komawa, shi ya sa da aka haife shi ta sa wanzami ya tsaga masa gefen kunnen hagu, yadda ake yi wa 'yan wabi don su zauna. Ya zauna ɗin, ya girma, ya iya ɗinki, har ya fara tara kayan aure. Bayan an ɗauke shi shekaru suka yi ta wucewa ba labari. Kawunnanmu suka ce a yi masa sallar gawa daga nesa a huta, Inna ta ce ba za a sallaci ɗanta ba sai wani ya ce ya ga gawarsa da idonsa. Duk Juma'a in na kira ta, bayan gaisuwa tambayarta ɗaya ce, ko na gan shi.

Wanda ba ɗan yankinmu ba zai yi mamakin wannan tambaya, ina Doha ina ganin wanda ke daji. To mu haka muke nema. Duk bidiyon da mutanen daji suka saki, wani zai jefo shi a guruf ɗin 'yan garinmu, kowa ya sauke. Ba wa'azinsu muke saurara ba, yawancinmu ma kashe sautin muke yi. Fuskoki muke dubawa. Ka tsayar da hoton, ka buɗa shi da yatsa biyu, ka bi layi ɗaya bayan ɗaya, waɗanda ke durƙushe da waɗanda ke ɗauke da kaya a baya. Wata ta gane mijinta ta hular kansa, wani ya gane 'yarsa ta tafiyarta. Ni ina da waya mai wuri da intanet na kamfani, sai na zama ma'ajin garinmu, ban taɓa goge ko ɗaya ba. A cikinsu akwai guda da na fi komawa kansa. Can gefe, inda hoton ya dushe, akwai wani mai kafaɗa irin ta ƙanena, da wani abu a rataye da na ɗauka kayan da aka ɗora masa ne. Fuskar wayata ta tsage daidai wurin, kuma ko na buɗa sai hoton ya zama kamar kunu.

Abokin ɗakina a masaukinmu na Umm Salal mutumin Ghana ne, ɗan zangon Kumasi, dattijo mai raha. Ya sha gaya mini cewa nan ba Najeriya ba ce, ranar da aka buɗe wayar nan ba wanda zai tsaya jin tarihin garinmu. Yakan ce in goge, khalas, wato shi ke nan, in bar wa Allah. Nakan ce masa to. Amma wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Sai aka shiga kwanakin da sojojin waje suka tattara suka bar Afganistan, bayan shekara da shekaru suna yaƙi a can da sunan kafa dimokuraɗiyya. Jirage suka riƙa sauke mutane a wani sansanin soja da ke wajen gari, kamfaninmu yana cikin waɗanda aka ba kwasar su zuwa gidajen da aka tanadar. Na ɗauki malamai, na ɗauki alƙalai mata, na ɗauki masu digiri da leda ɗaya a hannu. Wani tsoho da ya zauna bayana ya nuna mini yatsarsa guntuwa, mai fassara ya ce da ita ya dangwala ƙuri'a, masu bindiga suka ga tawada suka sare ta. Na dube shi ta madubi na gyaɗa kai. Irin zaman da suke yi a bas ɗin na san shi, haka Inna ta zauna a bayan motar da ta fitar da mu. Ya kamata in ji tausayi. Ni dai na ƙara musu sanyin mota na ci gaba da tuƙi.

Da ma a ƙofar sansanin ajiye waya kawai muke yi a karɓa in an fito. Wata safiya, bayan labarin wani hari a can Afganistan, aka ce kowane direba ya buɗe wayarsa a duba. Ina cikin layi na tuna da bidiyoyin, amma na gabana ya riga ya wuce, kuma goge abu a gaban soja ya fi barinsa muni. Wanda ya karɓi tawa ya shafa sau biyu ya ɗago ya dube ni, ya dubi gemuna, ya kira wani. Ba wanda ya taɓa ni. Aka kai ni wani ɗaki mai sanyi, aka ba ni ruwa, wani Bature mai furfura ya zauna gabana da ɗan Sudan mai fassara. Ya tambayi garinmu, da malamin da nake saurara, da masallacin da nake zuwa in na shiga unguwar Al Muntazah cin tuwo ranar hutu. Ya ce in fahimce su, 'yan'uwansa da yawa sun mutu don hana irin mutanen da ke cikin wayata mulkar jama'a, kuma ga iyalai a bas ɗina da suka gudo daga irinsu. Na ce na fahimta, ni ma daga irinsu na gudo, ƙanena nake nema.

Ban sani ba ko ya yarda ko gwada ni yake yi. Ya ce in nuna masa wanda nake zaton ƙanena ne. Suka haɗa wayar da wani babban allo a bango, wani ya yi 'yan danne-danne, hoton da na shekara ina fama da shi ya washe kamar an wanke gilashi. Gani ya kori ji. Kunnen hagu ne na fara gani, da tsagar wanzami. Ya yi tsawo, ya yi gemu, ya cika. Abin da ke rataye a kafaɗarsa bindiga ce. Ba ya cikin waɗanda ke durƙushe, yana tsaye a bayansu, kuma da ɗaya ya so ya ɗago kai, shi ne ya sa ƙafa ya mayar da shi. Yana dariya, irin dariyar da yake yi in ya ci ni a dara.

Baturen ya tambaye ni ko shi ne. Na ce a'a, na yi kuskure, wannan ban san shi ba. Har yau ban san wa na kare ba, shi ko kaina. Suka riƙe wayar, suka karɓe katin shiga sansanin, da la'asar suka miƙa ni ga kamfani. Manajanmu ya ce in gode wa Allah ba a ce kafil, wato ubangidan da bizata ke hannunsa, ya sa ni a jirgi zuwa gida ba. Aka mayar da ni tuƙa tankar ruwa zuwa gonaki. Abokin ɗakina bai ce ai na gaya maka ba, ya dai zuba mini shinkafa, na cinye tas, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

Na yi watanni ina ce wa Inna ban gan shi ba tukuna. Sai kawunnanmu suka sake taso da maganar sallar, har suka sa rana. Ta kira ni tana kuka, ta ce ni ne babba, in hana su. A nan na ga kamar in na gaya mata yana raye na yi mata gata. Na gaya mata duka, har bindigar, ƙafar kawai na ɓoye. Sannan ta tambaye ni ko ya rame. Na ce bai rame ba. Ta ce alhamdu lillahi, ta kashe wayar.

An fasa sallar, amma ba a gaya wa kowa dalili ba. Matar kawuna ce ta ba ni labarin abin da ya biyo baya. Matan da Inna ke cin abinci kwano ɗaya da su a sansani, kusan kowacce mutanen daji sun kashe mata wani. Inna ta daina zama cikinsu, ta daina zuwa gaisuwar mutuwa, in ta ji an ce an kai hari wani ƙauye sai ta shiga ɗaki ta ja labule. Wata rana ta ce mini da can ta san abin da take roƙo in ta ɗaga hannu, Allah ya dawo mata da ɗanta. Yanzu in ta ce ya dawo, sai ta tuna maƙwabtanta. In ta ce Allah ya isar wa maƙwabtanta, sai ta tuna a kan wa zai sauka.

Na rubuto ne saboda na san akwai irina da yawa a ƙasashen nan, masu gadi da direbobi, kowa da wayarsa cike da abin da ba zai iya bayani ba. Ku goge. Wanda ya buɗe wayarka gemunka zai gani da sunan jiharku, ba zai ga uwar da ta aike ka ba, kuma shi ma da nasa matattun da yake tsoro dominsu. Na kuma koyi cewa yaƙi, ko an ce don addini ake yi ko don ƙuri'a, ba kashewa kaɗai ya iya ba, yana iya ɗaukar naka ya mayar maka da shi a siffar da ba ka da inda za ka ajiye. Ana cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, amma ba a faɗi yadda ake zama da shi ba. In ka gano abin da kake nema, ka auna wanda za ka kai wa kafin ka buɗe baki. Aikin da na rasa bai dame ni ba ko kaɗan. Tsohuwa ce yaƙi ya cinye mata gida da gari ya bar mata addu'a ɗaya tak, ni kuma na kira daga Doha na karɓe ta.